Barkwanci a saman mashaya, kujera hamsin

Duk sanda Hajiyarmu ta kira daga Kaduna sai ta ce wai har yanzu kana nan kana wasan nan naka a gidan giya, in ce mata Hajiya ba fa a ciki muke ba, a sama muke, ta ce to Allah ya shirya. Ƙaramin kamfanin wasan kwaikwayo gare ni a Landan, mu uku ne tsayayyu, ni da wata Baturiya mai kula da fitilu da sauti da wani ɗan Gana tashin Zangon Kumasi, sauran 'yan wasa sai aiki ya taso muke ɗaukowa, kuma kusan duk wasanninmu a ɗakunan saman mashaya muke yi don nan ne aljihunmu ya kai.

Abun ba baƙo ba ne a garin nan. Tun 1970 wani Ba'amurke Dan Crawford ya mai da ɗakin bayan mashayar King's Head da ke Islington gidan wasa, Old Red Lion ta unguwar Angel ta biyo a 1979, Finborough a 1980 ita kujerunta 50 ne kacal. Kuma duk ɗan sana'ar nan ya haddace labarin The Play That Goes Wrong, wasan barkwancin da aka fara a Old Red Lion a 2012, zuwa 2014 har ya koma babban gidan wasa a West End, unguwar manyan gidajen wasa ta Landan. Labarin nan shi ke sa mutane irina kwana ba barci.

To ga lissafin namu. Kujera 50, tikiti fam 15, in ɗaki ya cika maƙil fam 750 ke nan a dare, kuma wallahi ɗaki ba ya cika ran Talata. Mai wurin ko ya karɓi hayar sati ko ku raba kuɗin ƙofa, daga abin da ya rage ka biya ɗakin rihazal na sati uku, ka biya inshora da fosta da hayar motar kwasar kaya, sannan ga 'yan wasa biyar suna kallonka. Da farko rabon riba muke, sunan ne kawai mai daɗi tunda ribar ba ta zuwa, ƙungiyar 'yan wasa ta Equity ma ta daɗe tana faɗa a kan a biya mutane, yanzun na daina, ko kaɗan ne ina biya, shi ya sa da rana nake tuƙin kai kaya. Shi kuwa mai mashayar ƙasa ba ruwansa da wasanka ya yi kyau ko bai yi ba, hutun rabin lokaci yake jira mutane su sauko su sayi abin sha, ka ce za ka cire hutun ka ga yadda za a haɗe maka rai.

Wasanmu na bara ni na rubuta, labarin wani Alhaji ne da ya dira Landan ba sanarwa wurin ɗansa da ya ce masa likita ne alhali gadi yake yi, ga matar da ya aura a ɓoye tana cikin gidan. Irin wannan wasan ƙofofi yake ci, wannan ya shiga wancan ya fita da kyar su kauce wa juna, ni na rubuta ƙofa huɗu ina jin kaina, ranar shigar da kaya muka tarar matattakalar benen ko kushin ba ya juyawa a cikinta, sai da kafinta ya yanka kowane allo biyu muka haɗa a sama, ƙofa ta huɗu kuwa labule ta koma. Bayan dandamali babu fili, mutum biyar a wani lungu kamar bayi suke canza kaya.

Amma duk wannan mai sauƙi ne, wahalar tana wurin dariya. A rihazal ba ka san me ke da ban dariya ba, kun maimaita zance sau talatin ya mutu a kunnenku, sai daren farko 'yan kallo su nuna maka. Layin gaba gwiwarsu na taɓa dandamali, in mutum ya yi hamma Alhaji na ganin haƙoransa. Wurin da na sha wuya a kansa na ce nan za a faɗi ƙasa, shiru kamar an yi mutuwa, sai kuma inda Alhaji ya tsaya yana kallon buta ta lantarki yana tunanin ta alwala ce ɗaki ya ɓarke. Na koya wa yaran su bar dariya ta kai ƙarshe ta fara sauka kafin su ci gaba, in ka yi magana a kanta ka kashe ta, mutane za su riƙe ta gaba don kar su rasa zance, in kuma ka daɗe ta huce. Mutum 12 a ɗaki ba sa dariya, kowa kunyar na kusa da shi yake, don haka daren da ba ciniki nake tattaro su gaba in rufe kujerun baya da baƙin yadi. Ga kuma ranar da Arsenal ke wasa, kana tsaka da inda ake son shiru ihun ci ya taso daga ƙasa, wani dare Alhajinmu ya dubi ƙasa ya ce Alhamdulillah, har yau ba mu samu dariya irin ta wannan daren ba.

Mutanenmu kuwa shigowa ce matsalar, ba sa son a gan su suna ratsa mashaya, kuma ban ga laifinsu ba ni ma ba sha nake ba. Sai da na nemo wurin da ke da ƙofar gefe daga titi kai tsaye zuwa bene, na sa wasan Lahadi da rana, na riƙa tura hoton ƙofar a WhatsApp. Ranar da suka zo da yawa, wasan da Turanci ne amma Alhaji na sako Hausa, sai su riga Turawa dariya da daƙiƙa biyu su Turawan su bi sahu ba su san dalili ba, duk awon da muka yi ya rikice. A watan Agusta muna son kai shi Camden Fringe, bikin ƙananan wasanni na unguwar Camden, na riga na zauna na rage ƙofofin zuwa uku.