Gurmin Kawu da makirufo ɗaya

Asabar. Tun hantsi Kawu ya iso rataye da gurminsa, yaronsa mai kalangu na biye. Waƙar biki ake so a tura wa dangin amarya ta WhatsApp, ɗakina na unguwar Zariya kuwa shi ne situdiyo: kwamfuta, ƙaramin akwatin sauti mai shiga ta USB, manhajar ɗaukar sauti ta Audacity da ba a biyan ko dala, sai makirufo ɗaya tal, Behringer XM8500, da aka taho mini da shi daga Kano a kan jika 15.

Kawu ya jujjuya shi ya ce, "Kai yaro, wannan ai na sanƙira ne." Na ce, "Shi ne fa, Kawu, amma a bari a ji aikinsa."

Irin wanda ake ce wa dinamik ne. A cikin kansa akwai 'yar siririyar fata haɗe da waya nannaɗe a tsakiyar maganaɗisu. Murya ta kaɗa fatar, wayar ta motsa, sai ta haifar da 'yar wutar da kwamfuta ke ɗauka. Ba ya neman wutar bolt 48 ɗin da kondensa, wani irin makirufo mai kaifin ji, ke nema. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙarancin jinsa: gabansa yake saurare, bayansa ko oho. Injin markaɗen maƙwabta na ruri, 'yan kabu-kabu na wucewa, awakin Inna na kuka, amma da ƙyar ka tsinto su a cikin abin da muka ɗauka. Da kondensa ne a wannan ɗakin mai rufin kwano, da unguwa duka ta shiga waƙar.

Na so mu ɗauki murya dabam, gurmi dabam. Kawu ya ce atafau, shi baitinsa ba ya fitowa in hannunsa ba ya kan tsirkiya. Nan rana ta tafi. In na kai makirufon bakinsa, murya ta yi kauri ta danne gurmin, domin irinsa haka yake, kusanci na ƙara wa sauti nauyi. In na ja shi baya na ƙara ƙarfi, sai wani shuuu ya taso daga akwatin. Daga bisani muka tsaya a taƙi ɗaya daga haɓarsa, kan makirufon ya ɗan sunkuya wajen ƙoƙon gurmin. Na ɗaura safa a zoben waya a gabansa don iskar "ba" da "fa".

Kalangu bai ba mu wahala ba. Duk dukan da yaron ya yi, sautin bai fashe ba, na dai rage ƙarfi kaɗan.

Bayan la'asar kuran ya ɗauke, muka ƙarasa da batirin kwamfuta, gumi sharkaf.

Gaskiya, ƙyallin tsirkiya na sama-sama bai fito yadda kunne ke jinsa ba, nan arhar makirufon ta nuna. Wani abokina na ta zuga ni in sayi Shure SM58, wanda tun 1966 ake yinsa. Mai kyau ne, sai dai jabunsa ya yi yawa, ni kuma ban ga dalilin zuba kuɗi a abin da za a saurara ta lasifikar salula ba. Abin da na rasa yau sandar riƙe makirufo ce, don ƙanena ya riƙe shi har hannunsa ya sage. Gobe zan leƙa wajen mai walda.