Ranar da na yi wa 'yar na'urar gwajina fulashin

A shagonmu na gyaran caja da rediyo, babu kayan aikin da nake ji da shi kamar wata 'yar na'ura ƙirar Sin da ba ta wuce tafin hannu ba. Osiloskof ce mai zana siginal a allo, kuma in ka danna mata tiransisto ko kafasita a ramuka 1, 2 da 3, sai ta faɗa maka ko mene ne da ƙimarsa. Wannan ɓangaren gwajin jikan aikin Markus Frejek ne na 2009, wanda Karl-Heinz Kübbeler ya faɗaɗa a kan wani ƙaramin cip mai suna ATmega328.

Da na ji an fitar da sabuwar manhajarta, sai zumuɗi ya kwashe ni in yi mata fulashin, wato in ɗora mata sabuwar daga kwamfuta. Na fi awa guda kwamfuta ta ƙi ganinta, har na fara zargin na'urar. Ashe kebul ɗin na caji ne kawai, babu wayoyin data a cikinsa. Da na canza, ta fito kamar filas, na jefa fayil ɗin, ta tashi lafiya. Maigidana dai sai da ya sa na buɗe bayanta na karanta lambar bod kafin nan, domin fayil ɗin wani bod daban yana iya barin ka da farin allo. Na yi gunaguni a lokacin, amma gaskiyarsa.

Inda na ci ƙasa shi ne bayan an gama. Kwana biyu ina cire kafasitoci masu lafiya ina zubarwa, wai ESR ɗinsu, wato juriyar da ke cikinsu, ya hau. Maigida ya tsinci ɗaya a kwandon shara, ya gwada da tasa mitar, ya dube ni: "Kai yaro, ka sake saita ta kuwa?"

Ban saita ba. Na'urar tana ajiye ɗan juriyar ramukanta da wayoyinta domin ta riƙa cirewa daga kowane awo, kuma wannan ajiyar ta tafi tare da tsohuwar manhaja. Gyaran bai kai minti biyu ba: na haɗe ramuka ukun da guntuwar waya, ta yi gwajin kanta, ta ce in cire, na cire.

Yanzu akwai resista mai 1k da kafasita mai 100nF da na manne da salatif a murfinta. Su nake fara gwadawa kafin kayan kowa. Kafasitocin nan kuwa, daga aljihuna na biya.