Godiya Ga Waɗanda Suka Fito Gyaran Ajiyoyin Jiyokashin a Bonn

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan godiya ga Allah da ya ba mu lafiya da iko, ina miƙa godiyata, tare da ta 'yan uwana Hausawa mazauna birnin Bonn na ƙasar Jamus da muke wannan wasa tare, ga duk wanda ya fito ranar Asabar da ta gabata wajen aikin gayyar da muka yi na tsaftace gaɓar kogin Rayin da gyaran ajiyoyin jiyokashin da ke kewayen lambun Rheinaue.

Ga 'yan uwa na gida da suka ga hotuna suna tambayar abin da muke nema a ƙarƙashin bishiyoyi, jiyokashin wasa ne na farautar ɓoyayyar ajiya. Wani zai ɓoye ɗan akwati mai ɗauke da takardar sa hannu, ya sanya lambobin wurin a shafin Geocaching.com, wasu kuma su bi da wayarsu har su gano shi, su rubuta sunansu, su mayar da shi yadda suka same shi. An fara shi ne ranar 3 ga Mayun 2000, lokacin da Dave Ulmer ya ɓoye wani baƙin bokiti kusa da Beavercreek a jihar Oregon ta Amurka, jim kaɗan bayan gwamnatin ƙasar ta daina rage ingancin siginar GPS, mai nuna wa mutum daidai inda yake, da farar hula ke samu. A yau akwai ajiyoyi sama da miliyan 3 a duniya, kuma Jamus na cikin ƙasashen da wasan ya fi karɓuwa.

Abin da ya tara mu shi ne halin da ajiyoyin yankinmu suka shiga bayan hunturu. Ruwan Rayin yakan ƙaru ya hau gaɓa, danshi kuma ba ya barin komai. Mun tarar da takardun da suka jiƙe suka manne har alƙalami ba ya kama su, da murafan da suka fashe, da wani akwatin da taɓo ya cika shi maƙil. Yaron da aka kawo karon farko, ya sha tafiya, ya buɗe akwati ya tarar da ruɓaɓɓiyar takarda, da wuya ya sake marmarin fitowa. Shi ya sa nake ganin duk wanda ya ɓoye ajiya ya ɗauki amana ne, kuma amanar ba ta ƙarewa ranar da aka wallafa ajiyar a shafin.

Godiya ta musamman ga dattawan wasan, Jamusawa maƙwabtanmu, waɗanda suka zo da sababbin takardu da 'yan kwalaben roba masu kauri da ake kira PETling, masu murfin murɗawa da ruwa ba ya ratsawa. Su ne suka nuna mana cewa ba a sauya akwatin wani sai da izininsa, kuma masu ajiyoyin da muka tuntuɓa tun kafin ranar sun amsa mana da hannu bibbiyu. Allah ya saka wa iyayen da suka kawo 'ya'yansu, da matasan da suka sa safar hannu suka cika buhuna da kwalabe da ledoji da guntayen sigari, bisa al'adar CITO, wato ka shiga neman ajiya ka fito da shara. Ba zan manta da mai tantance ajiyoyin yankinmu ba, wanda aikin sa kai yake yi, yana duba kowace sabuwar ajiya kafin a wallafa ta.

Ina da roƙo ga 'yan uwa. Wanda ya nema bai samu ba, ya rubuta haka a shafin ba tare da jin nauyi ba, domin ta nan ne mai ajiya ke gane cewa kayansa sun ɓace. Wanda karatu ko aiki zai ɗauke shi daga gari, ya miƙa ajiyarsa ga wani ya riƙe, ko ya je ya ɗauke ta ya rufe shafinta. Mai son ɓoye sabuwa kuwa, ya zaɓi wurin da ƙafarsa ke kaiwa a kai a kai, ya nemi izinin mai wurin, ya bar tazarar mita 161 tsakaninta da wata, kada ya haƙa rami, kada ya sa abinci a ciki, sannan ya rubuta a jikin akwatin cewa na wasa ne, don kada mai wucewa ya tsorata ya kira 'yan sanda.

Muna shirin sake haɗuwa a Asabar ta uku ta watan Agusta, wadda ita ce ranar jiyokashin ta duniya, kuma muna fatan kowa zai zo da wanda bai taɓa gwadawa ba. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya kai mu da rai da lafiya.