Fok ɗin gaban keke da na haɗa a tsakar gida

Tunda na ce zan haɗa fok, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da yake riƙe tayar gaba, da kaina ake ta tsokanata a majalisa, wai sabo ma nawa yake a kasuwa. Eh ba tsada, amma ni taya mai faɗi nake son sawa saboda yashin hanyar gona, kuma na kasuwa duk sun matse mata, da ta ɗan kwashi taɓo shikenan ta cije.

Maganar ƙarfe tukunna. Don Allah kar wanda ya ɗauko fayif ɗin ruwa, ga nauyi ga laushi, sannan wannan farin abin da aka shafe shi da shi in wuta ta taɓa shi hayaƙinsa guba ne. Masu haɗa keke na asali wani irin bututun ƙarfe da ake kira 4130 suke amfani da shi, kaurin jikinsa bai fi milimita 1 ba amma ga taurin tsiya. Ni wajen 'yan gwangwan na je na tsinto tsofaffin kekuna na yanko bututun da bai ci tsatsa ba. Wuyan kuwa, wato wanda yake shiga cikin firam ya zauna kan boris, na tsohon fok na cire, inci 1 mai zare, don wannan ba abin da mutum zai ce zai ƙirƙira a gida bane.

To inda aikin yake shi ne saiti, walda ma wasa ce a kansa. Katako na samu mai miƙewa na ja layi a tsakiya, na ɗaure wuyan a kan layin, can ƙasa na kafa tsohon aksul da noti biyu, tsakaninsu milimita 100 cif don shi ne faɗin hob ɗin gaba, wato cibiyar tayar. Aksul ɗin kuma ba a kan layin wuya yake zama ba, sai ya ɗan yi gaba, ni milimita 45 na ba shi. In ya yi yawa, kan keken sai ya dinga rawa a hannunka, in ya yi kaɗan kuma juyawa ta yi nauyi, kuma wallahi bambancin ɗan yatsa ɗaya sai ka ji shi a jikinka. Wajen lanƙwasa ƙafafun fok ɗin, na cika su da busasshen yashi na toshe bakin, na danna su a kan kututturen da na fafe, ɗaya bayan ɗaya ina ɗora su kan juna har suka zo daidai.

Walda kam wajen Malam mai gas na kai, ta lantarki huda siririn bututu take yi. Da tagulla ya liƙe, ɗigo ɗigo tukunna, muka sa taya muka leƙa ko ta zauna tsakiya sannan ya zagaye, nan kaɗan can kaɗan saboda zafi yana jan ƙarfe gefe guda. Yaronsa ya ɗauko ruwa zai watsa, Malam ya daka masa tsawa, a bar shi ya huce da kansa.

Yanzu ina hawa a hankali cikin unguwa, in na saki hannu yana tafiya sambal. Fenti sai nan gaba, so nake in dinga ganin bakin waldar ko da tsaga za ta fito, kuma ban fara ɗora masa buhu ba. Saura hujin birki.