Godiya bayan dogon jinya

Alhamdulillah. Jiya na karɓo sakamakon gwajin jinin CA-125, wanda ake bibiyar sankara da shi, a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH), likita ya ce ya sauka inda ake so, in koma bayan wata uku. Kun san yadda aka yi tun daga tiyatar da aka cire min mahaifa da ƙwayayenta biyu saboda sankara, har ƙarin ruwan kemo, wato maganin sankarar, sau shida, duk bayan mako uku. Ba sai na maimaita ba. Na gaji, wallahi. Har yau tafin ƙafata kamar na aro.

Yayata da ta bar shagonta a Taminus ta kwana a tabarma gefen gadona, Allah ya biya ki da Aljanna. Maman 'yan biyu maƙwabciyata, ke kika riƙe min yara. Matan islamiyyarmu da suka haɗa kuɗin kemo na huɗu a ɓoye, na sani fa, an faɗa min.

Amma akwai wata nas, Berom ce, ta kusa haifata. Na san ba za ta so wannan ba, ta yi haƙuri.

A tsakiyar sanyin Disamba, kowa a Jos da bargo biyu, ni sai in farka tsakar dare sharkaf da gumi. Ga shi in maigida ya matso kusa, zafi kamar an yanka ni da reza. Na yanke a raina ciwon ne ya dawo, na kasa faɗa wa kowa. Wa zan tara da wannan magana? Ranar nan tana auna min hawan jini, sai ta ja labule ta rage murya ta ce, “Ƙanwata, ya zamanku da maigida a ɗaki?” Sai kawai na fashe da kuka. Ta bar ni na yi mai isata.

Sannan ta min bayani dalla-dalla. Ƙwayayen da aka cire su ne ke samar da sinadarin da ke riƙe da al'ada da ni'imar jikin mace, in babu su al'ada na ɗaukewa dare ɗaya ko da mace ba ta kai arba'in ba. Daga nan gumin yake, da bushewar gaba, da raguwar sha'awa. Ba sammu ba ne, ba kuma sankarar ce ta dawo ba. Ta ce ciwon ba ya yaɗuwa ta kwanciyar aure. Ta rubuta min man shafawa mai ruwa-ruwa da ake sayarwa a kemis, ta hana ni matsi da kayan mata, ta ce maganin mayar da sinadarin kuwa sai likita ya duba irin ciwona. In na ga jini ko zafin ya ƙi tafiya, in dawo. Ƙarshe ta ce in zo da mai gidan.

Ya zo kuwa. Ya zauna riƙe da hularsa yana kallon siminti, kunya kamar ya nutse, amma bai tashi ba sai da ta gama. Baban yara, Allah ya saka maka, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Su kuwa waɗanda suka ware min kofi, da masu ba shi shawarar ya nemi wata tun da wuri, na yafe. Daga Unguwar Rogo zuwa Lamingo inda asibitin yake dai ba Makka ba ce, wata takwas ko leƙe babu. Shi ke nan.

Ya Allah ka ba matan da na bari a ɗakin jinya lafiya, ka yalwata wa mazajensu, ka jiƙan wadda muka fara kemo tare ba ta kai na biyar ba. Duk macen da kunya ta rufe wa baki irina, ta turo min saƙo, zan raka ta har gaban Sista.

Gashi ma ya fara tsirowa. Autata sai shafa min kai take tana cewa Umma ta koma jaririya.