Ranar kasuwa, tsakanin manet da gurbin dara

Lahadi, 7 ga Disamba 2025, Tawa

Sanyi ya kankama. Da muka fito sallar asuba iska na busowa da ƙura, kowa ya naɗe kansa da rawani ko mayafi. Yau kasuwa ke ci, tun kafin rana ta fito motocin ƙauye da amalanke suka fara shigowa gari. Ni kuwa ranar hutuna ce, kuma na riga na ware ta don akwatin wasan da ɗan baffana ya kawo mini daga Abijan.

Ban gama shan koko ba Yaya ta yi sallama, ɗanta na biye da ita kai a sunkuye. "Ga ɗanka nan, ka yi masa magana," in ji ta. "Ɗan abin da nake ba shi in zai tafi lakwal, ashe tarawa yake yana kai wa wani a saya masa kayan wasa a waya. Ni ban san kan abin ba, kai ka sani."

Wasan harbe-harbe ne na waya mai suna Free Fire. Kamfanin Garena na Singafo ya fito da shi a 2017, kuma abin da ya sa ya mamaye wayoyin yaranmu a fili yake: ƙaramar waya mai araha tana ɗaukarsa, ana sauke mutum 50 a tsibiri, cikin kamar minti goma an san wanda ya rage. Saukar da shi kyauta ne. Kuɗin yana wajen diyaman, wato kuɗin cikin wasan, da su ake sayen tufafi da fentin bindiga. Da ado ne kawai da ban damu ba. Amma wani fentin yana ƙara wa bindiga ƙarfi, sannan akwai inda ake zuba diyaman a juya, abin da ya faɗo shi ne rabonka. Wannan juyin ne ya tsaya mini a rai. Yaron da ya saba biya ya jira sa'a tun yana shekara 12, gobe in aka nuna masa cacar ƙwallo ba zai ga baƙon abu ba. Haka na faɗa wa Yaya a gabansa. Na ce kada ta hana shi wasa ɗungurungum, amma ko dala kada ta sake shiga wasan nan, kuma ta bar mini shi yau mu wuni tare.

Wajen ƙarfe goma muka biya ta shagon Play na unguwa, inda ake biya a buga wasannin na'urar PlayStation a tele. A cike yake, benci ba masaka tsinke, masu jiran layi sun fi masu riƙe da manet (abin da ake dannawa a buga wasan) yawa. Dala 20 wasa ɗaya, wanda aka ci ya tashi. Wasan ƙwallon ƙafa na FC 26 suke bugawa, wanda ya fito ƙarshen Satumba, ko da yake har yanzu FIFA suke ce masa, alhali kamfanin EA da ke yin sa ya rabu da hukumar FIFA tun bayan FIFA 23. Abin da na so a na bana shi ne an raba salon wasa biyu. Akwai mai sauri, na masu fafatawa a intanet, akwai kuma mai nauyi da ya fi kama da ƙwallon gaske, inda mai tsaron baya ke tsayawa a wurinsa, gudu kaɗai ba ya ba ka ci. Na roƙi mai shago ya sa mana na biyun. Yaran suka yi ta ƙorafi wai ƴan wasa sun yi nauyi, amma ni a nan na ga an yi fasin uku huɗu kafin a kai hari. Wanda ba shi da kuɗin FC, eFootball na Konami kyauta ne tun 2021, har a waya, sai dai yana shan mega.

Mai shago ya ja ni gefe da labarin da ya faranta masa rai. Kamfanin Rockstar ya sake ɗage fitowar sabon wasansa GTA VI. Da an ce 26 ga Mayun 2026, a watan jiya aka mayar da shi 19 ga Nuwamban 2026. Murnarsa ita ce wasan ba zai hau tsohuwar na'urar PS4 ba, sai sababbi, PS5 da Xbox Series, shi kuwa duk na'urorinsa PS4 ne, yanzu ya sami sararin tara kuɗi. Na taya shi murna, na kuma gaya masa abin da ke raina. GTA V, wanda ya fito tun 2013, a jikin kwalinsa an rubuta 18, amma na sha ganin ƴan firamare suna bugawa a shaguna. Shi ma uba ne. Ya ce in ya hana, wani shagon za su tafi. Na ce ko da haka ne, ya ware shi sai bayan isha'i, lokacin da ƙanana suka koma gida. Bai amsa ba, bai kuma musa ba.

Muna cikin haka kuran ya tafi. Tele duka suka mutu lokaci guda, yara suka yi ihu, aka shiga gardamar wa ke gaba da ci nawa. Muka fito.

Bayan azahar muka nufi gidan Baffa da akwatin a hannu. Sunan wasan Targi. Wani Bajamushe, Andreas Steiger, ya ƙirƙiro shi, kamfanin Kosmos ya buga shi a 2012, nawa kuma bugun Faransanci ne. Na mutum biyu ne, kuma a kan Abzinawa aka gina shi. Ana shimfiɗa kati 25, biyar tsaye biyar kwance. Guda 16 na gefe ba sa canzawa, tara na tsakiya su ke juyawa. Kowa na da mutum uku da zai ɗora a katunan gefe, kuma inda layukansu suka gitta a tsakiya, katin nan ma nasa ne. Ba a yarda ka tsaya daura da mutumin abokin wasanka ba, saboda haka duk inda ka sa ƙafa ka samu wani abu, ka kuma toshe masa wata hanya. Ana tara dabino da gishiri da barkono da zinariya, a sayi katunan zango da rijiya da raƙuma, a jera su sahu uku, huɗu huɗu. Akwai ɗan fashi da ke zagaya gefe, in ya kai kusurwa kowa sai ya ba da wani abu. Wasa ne mai kyau ƙwarai, babu ɗan lido a ciki, kusan awa guda yake ci, kuma duk mai son lissafi zai ji daɗinsa. Matsalarsa ɗaya a wurinmu ita ce rubutun da ke kan katunan, wanda bai iya Faransanci ba sai an riƙa karanta masa.

Baffa ya zauna yana kallonmu ni da yaron, ina fassara masa kati ɗaya ɗaya. A ƙuruciyarsa ya yi fatauci ta Abalak da Ingal har Agadas. Ya ɗauki ɗan katin gishiri ya juya shi, ya ɗauki na dabino, sannan ya dube ni. "To ina hatsi?" Na ce babu hatsi a ciki, Baffa. Ya girgiza kai. "Ayarin da ya tafi Bilma ba hatsi, mi zai bayar a ba shi kantu?" Daga nan ya ɓalle da labari: yadda ayari ke tashi daga Abzin bayan damina da kayan gero, madugu a gaba, a ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, a komo da kantun gishiri da dabino, sannan a gangaro ƙasar Hausa a sayar. Yaron ya ajiye katunansa yana saurare. Gaskiyar Baffa ce. Wanda ya yi wasan ya iya tsara wasa, amma daga nesa ya hango hamada, sai ya bar ainihin abin da ake musaya da shi.

Da muka gama, Baffa ya ce wa yaron, "Kai, maigidan banza, zo in gwada maka wasan maza." Yaron ya ce, "Kaka, in na cinye ka fa?" Ya ce, "Sai in bar maka tsohuwa." Muka fita ƙofar gida gindin dogon yaro. Baffa ya share rairayi da tafin hannu, ya dangwala gurbi 30, sahu biyar shida shida. Ya karya tsinke 12, ya sa yaron ya tsinto tsakuwa 12.

Na daɗe ban zauna na kalli dara da natsuwa irin ta yau ba. Kashi biyu ce. Da fari kasawa: kowa ya sa ɗa guda, ɗayan ya sa, har ƴaƴa su ƙare, kuma a wannan lokaci ba a yarda ka jera uku ba. Gurbi shida kaɗai ke saura. Sannan tafiya: ɗa yana matsawa gurbi ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Ka jera uku, ka cire ɗa guda na abokin wasa. Huɗu a jere ba ci ba ne. Wanda ƴaƴansa suka kasa uku, ya faɗi. Dokar ke nan, cikin minti biyu an gama bayani. Amma yaron yana kasawa ne duk inda hannunsa ya faɗa, Baffa kuwa kowane tsinke sai ya yi jim kafin ya soka shi, don a wurinsa tun a kasawa ake cin dara, tafiya karɓar bashi ce kawai. Ba a jima ba ya hau doki: sahu biyu kusa da juna, tsinke ɗaya a tsakaninsu, in ya sauka ya cika uku a ƙasa, in ya koma ya cika uku a sama, kamar mai jan ruwa da guga biyu, wannan na sauka wancan na fitowa. Kowane motsi sai tsakuwa ta tafi. Yaron ya ce a sake. Aka sake, aka kuma cinye shi, amma a karon baya ya fara kallon inda Baffa ke sa tsinke kafin ya sa tasa tsakuwar.

Wani maƙwabcin Baffa, mutumin wajen Madawa, ya zo ya tsuguna. Nan gardama ta tashi a kan ko ana cire ɗan da ke cikin jerin uku da aka riga aka kafa. Baffa ya ce ba a taɓa shi, maƙwabcin ya ce su a wurinsu ana ci. Kowa ya rantse haka ya gada. Kiran la'asar ne ya raba su, aka bar gurabe yadda suke aka tafi masallaci.

A hanyar masallaci abin ya yi ta cina. Targi na da kwali, da ɗan littafin doka, da sunan wanda ya yi shi, an fassara shi harsuna da dama har ya iso Tawa ta Abijan. A Jamus tun 1979 suke ba da kyautar Spiel des Jahres ga wasan shekara, bana Bomb Busters na Hisashi Hayashi ɗan Japan ya ɗauka, kuma duk Oktoba ana baje kolin wasanni a Essen. Dara ba ta gaza Targi zurfi ba, ni a ganina ta fi shi, don babu katin da zai faɗo ya cece ka. Amma tana cikin kawunan tsofaffi ne da rairayin ƙofar gida, kuma a cikin yaran da na gani da safe a shago ban yi zaton akwai wanda ya iya kasa ta ba. Ba wai ba a iya yin namu ba ne. A Kamaru, Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016, a Yamai ma an yi wasan Les Héros du Sahel. Ni ba mai rubuta manhaja ba ne, malamin makaranta ne, abin da ke hannuna shi ne alli da littafin rubutu da yara cike da aji. Da muka dawo na zauna kusa da Baffa na rubuta dokokin yadda ya faɗa, na rubuta na maƙwabcinsa a shafi na gaba, kowanne da garin da ya fito.

Da magariba na mai da yaron gida. Bai manta da waya ba, muna shiga ya tambayi uwarsa ita. Na karɓa na sa masa abu biyu. Ɗaya Alto's Odyssey, wasan sulu a kan tudun rairayi, mai sanyin kallo, wanda ke tafiya ko babu mega. Ɗayan Lichess, na ches, kyauta ne kuma babu talla. Na gaya masa Gukesh na Indiya yana da shekara 18 ya zama zakaran duniya a Disamban bara. Bai nuna ya damu da wannan ba. Abin da ya tambaye ni shi ne, "Kawu, in doki ya kafu, ba a karya shi?" Na ce ana karyawa in kana da ɗa kusa da gurbin da tsinken ya bari, ka faɗa ciki kafin ya komo, sai dai mai doki ya san haka, wannan ɗan zai fara ci. Saboda haka sai ka ajiye biyu a wurin, ko ka hana shi tun a kasawa. Ya ce ranar Laraba da yamma ba su da lakwal, zai koma wurin Kaka.

Bayan isha'i na leƙa fada. Ana kan shayi na biyu, beloti ta yi zafi a tabarma ɗaya, ƴan lido a ɗayar. A fadarmu ba a sa kuɗi, wannan sharaɗi ne tun farko. Na nuna musu Targi, mutum biyu suka ce su ne na Lahadi mai zuwa. Kafintan da ke zama da mu ya duba zanen da na yi, ya ce zai iya fafe gurbi 30 a katako mai kauri, da ɗan aljihu a gefe na zuba ƴaƴa, kuma in guda huɗu nake so zai rage mini. Na ce ya fara yin ɗaya mu gani, gobe in na taso daga aji zan kai masa kafin alƙalami. Maganar cin ɗa a cikin jerin uku kuwa, Baffa ya ce ranar Juma'a bayan an sauko zai kai ni wurin wani tsoho a unguwar Bilbis wanda ya girme su duka, mu ji ta bakinsa.