Faifai na farko a wurin wa?

Abin da aikin ɗora Linux a kan kwamfuta mai faifai biyu ko uku ya koya mini shi ne BIOS (manhajar da ke fara tada kwamfuta) da Linux kowa da nasa lissafin faifai. BIOS yana ba faifan da zai tada kwamfuta da shi lamba 0x80, na biye 0x81, GRUB (manhajar da ke loda Linux wajen tashi) kuma ya bi wannan jeri da hd0 da hd1. Linux ba ruwansa da wannan. Faifan da ya fara gani lokacin tashi shi ne sda, gobe kuma wani na iya riga shi. Idan ma da filashi ka tada injin, sau da yawa filashin ne ke zama 0x80, kana zare shi lambobi su goce. Sai a gama aiki lafiya lau, a sake kunnawa, allo ya tsaya baƙi ƙirin, don GRUB ya sauka a faifan da BIOS bai ko leƙa ba.

Dabarar da ake haɗa lissafin biyu da ita ta burge ni. A sashen farko na faifai, daga bait na 440, akwai bait 4 da suke zaman shaidarsa. Tun wajen tashi, Linux yana karanto su ta hannun BIOS ya ajiye na faifan 0x80 a /sys/firmware/edd/int13_dev80/mbr_signature. Manhajar girkawa irin Anaconda ta Fedora sai ta bi sda da sdb tana neman mai wannan shaida, kamar mai neman akuyarsa a kasuwa ta tsagar kunne.

Inda gizo ke saƙar shi ne sababbin faifai, domin wurin shaidar duk sifili ne. Haka wanda aka kwafe da dd (umarnin da ke kwafe faifai bait-bait), shaidarsu ɗaya da na asali. Maganin shi ne fdisk, manhajar raba faifai, ya yi wa kowanne sabon teburin rabo (zai ba shi sabuwar shaida, amma fa a faifan da ba komai a ciki), sannan a sake kunna injin, tunda lokacin tashi kaɗai ake karantawa.

UEFI, magajin BIOS, ya rage wannan wahala, don shi da GUID (doguwar lambar shaida ta musamman) yake gane rabon faifan da zai tashi da shi. Duk da haka, kafin in taɓa rabo sai na duba lambar siriyal a /dev/disk/by-id na gwada da ta takardar da ke manne a jikin faifan. In akwai mai ɗauke da bayanan mutane, wayarsa nake zarewa har a gama.